Ranar da Muka Ɗaga Motar Namadi

Wani mutum ne a garinmu, Namadi mai injin niƙa. In ka shigo Tudun Baure ka ce Namadi kake nema, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Injiniya, ko akuya za ta nuna maka ƙofar gidansa. Ba wanda ya raɗa masa sunan nan, shi ya laƙaba wa kansa. Dalili kuwa, wata rana bel ɗin injinsa ya tsinke, ya ɗinke shi da waya, injin ya tashi. Shi ke nan fa! Tun daga ranar duk wani ƙarfe da ke duniya ya zama ƙanensa.

Ni da nake ba ku labarin nan Sallau ne mai shayi, teburina yana jikin shagon niƙan. Kada ku ga ina dariya ku ɗauka ɗan kallo ne ni. Ina! Ni ne maroƙin Namadi, kuma maroƙin banza, wanda ko goro ba a ba shi. In ya cika baki da safe, ni nake ƙara gishiri da yaji in raba wa masu shan shayi. In ya ce ya gyara wa wani rediyo, ni zan ce har maganar mutanen Sin ta kamo. Allah Ya yi ni da saurin yarda, ga baki ba linzami.

To, Namadi yana da akori-kura. Tsohuwa tukuf. Asalin launinta ko ita kanta ta manta. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. In aka tayar da ita, kajin unguwa katanga suke hayewa, hayaƙi kuwa sai ka ce ana ƙona bola. Amma a faɗi gaskiya, tana tafiya. Aibinta guda ne, bayanta ya zauna. Da an ɗora mata 'yan buhuna sai gindinta ya riƙa sharar hanya.

Surukin Namadi shi ne Alhaji Nomau, mahaifin matarsa Ladidi. Dattijo ne mai ƙarancin magana, babban manomin kankana a hayin rafi. Duk shekara in kankana ta nuna, mota ake nema ta tsallaka rafin ta kwaso zuwa kasuwa. Bara aka ba Namadi aikin. Motar ta shiga rafi, ta zauna daɓas a kan yashi, ta ce nan za ta kwana. Sai da aka kawo shanun huɗa suka jawo ta. Daga nan Alhaji ya miƙa aikin ga Ilu Dogo, wani direba mai dariyar rainin wayo. Shi kuwa Ilu, in ya ɗauko kankanar Alhaji, ba ya bin ko'ina sai ta gaban shagon niƙa, ya rage gudu ya danna hon, fim-fim! Wallahi na sha ganin idon Namadi ya kaɗa ya yi ja. Kayan surukinka a motar wani, a gaban jama'a, abin da ciwo.

Bana sai ga saƙo ta bakin Ladidi, don kun san suruki ba ya tsayawa ciniki da mijin 'yarsa. Alhaji ya ce zai ƙara ba da dama sau ɗaya tak. Ranar Laraba a ɗauke shi a motar a kai shi gona. In ta tsallaka rafi, jigilar kankana ta Namadi ce daga yanzu. In ta gaza, a sayar wa 'yan gwangwan, a daina zuba abincin jikokinsa a cikin mushe.

Namadi ya zo teburina ya bugi ƙirji. "Na yarda! Ku shaida!"

Da mutane suka watse na ce masa, "Injiniya, me zai hana mu kai ta gareji a birni?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gareji? Ni? Sallau, yau ka zage ni."

"Allah Ya ba ka haƙuri."

"Taso in nuna maka ilimi."

Muka kwanta rigingine a ƙarƙashin mota, ƙasa tana zubo mana a ido. Ya ɗaga sifana ya ƙwanƙwasa wani dogon ƙarfe mai tulu a tsakiya, wanda ya haɗa tayoyin baya.

"Wannan shi ne aksul. Ka ga a kan sifirin yake kwance, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota?"

"Na gani."

"To nan Bature ya yi kuskure. Bai san hanyarmu ba. In muka kwance shi muka mayar da shi ƙarƙashin sifirin, mota za ta tashi sama. Rafi sai dai ya gaishe ta."

Na ce, "Allahu Akbar! Kai, Injiniya, a ina aka haife ka?"

Washegari muka kama aiki. Jak ɗaya gare mu, shi ma sai an yi masa addu'a yake ɗagawa. Don haka muka tokare motar da bulo, da kututturen dabino, da turmin Ladidi. Ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, turmina fa? Da me zan yi dakan fura?" Ya ce ta yi haƙuri, turminta ya shiga tarihi. Ta yi tsaki ta koma ciki.

Muka sha fama da notuna masu tsatsa. Wanda ya ƙi kwantuwa da sifana, guduma ta yi masa magana. Baƙin mai ya wanke mu har cikin kunne. Da ƙyar muka zaro aksul, muka tura shi ƙarƙashin sifirin. Nan aka yi cirko-cirko. Ashe akwai wani ɗan faifan ƙarfe a jikinsa, wanda sifirin ke zama a kai, kuma faifan nan a ƙasa yake. Mu kuma yanzu a sama muke buƙatarsa.

Namadi ya hau susar ƙeya da sifana.

Na ce, "Ko a kira mai walda ya cire ya mayar sama?"

"In kira mai walda, gobe ya ce shi ya gyara min mota? Allah Ya kiyaye."

Jama'a, a nan ne shaiɗan ya raɗa min a kunne. Ni dai abin da na iya a duniya suyar ƙwai ne. Sai na ji bakina yana cewa, "To ai sai a kife shi. Yadda nake juya wainar ƙwai. Ƙasa ta koma sama, dama ta koma hagu, faifai ya hau inda ake so."

Namadi ya ƙura min ido. Ya dubi aksul. Ya sake dubana. Can ya ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan, ka tari numfashina."

Muka kama, ni a gefe ɗaya shi a gefe ɗaya, muka kife shi, ƙirim! Komai ya zauna ɗas kamar don haka aka ƙera shi. Bututun birkin baya ne kawai ya ƙi kaiwa, tunda mota ta yi tsawo. Namadi ya naɗe bakinsa ya daddake da guduma.

Na ce, "Birkin baya fa?"

"Na gaba ya isa. Mota mai tarbiyya ba ta buƙatar birki huɗu."

Da muka gama, notuna suka yi saura har rabin gwangwanin madara. Ya ce waɗannan na ado ne, in ajiye. Sai kuma ya shiga kwalliya. Ya shafe ta da kore shar, ya ɗaura mata hon na babbar mota. Maduban gefe dama sun daɗe da rasuwa, saura na ciki, shi ma ya ɓalle shi ya rataya furen roba a wurin.

"Injiniya, madubin fa?"

"Me zan kalla a baya? Ilu? Ni gaba na nufa."

Aka zare turmi da bulo. Kai! Mota ta tashi. Bayanta ya yi sama, hancinta ya yi ƙasa, kamar kaza tana tsince tsaba. Ya murɗa makulli, ta ɗauka, ɓurum-ɓurum-ɓuuu! Na yi tsalle na rungume shi.

"Mu ɗan zagaya gari mu gwada ta!"

Ya kashe injin nan take. "Gwaji? Wanda bai yarda da aikinsa ba shi ke gwaji. Kuma so kake Ilu ya ga sirrin ya kwaikwaya?"

Na ce wallahi gaskiyarsa. Muka lulluɓe ta da tamfol.

Abin da ya fara ɓata min rai shi ne, duk wanda ya zo niƙa sai Namadi ya ce, "Na zauna na yi tunani, na ce a kife aksul." Na ce. Shi kaɗai. Ko sunana ba ya ambata. Ni kuwa na ce ba za ta saɓu ba. Basirar da Allah Ya ba ni sau ɗaya a rayuwa, a ƙwace ina kallo? Sai na shiga raɗa. Duk wanda na miƙa wa kofi sai in sunkuya in ce, "Tsakaninmu, kifewar nan dabarata ce." Kafin Laraba, har kurman garin ya ji.

Ranar Laraba da hantsi gari ya taru. Masu niƙa suka ajiye ƙwarya, 'yan acaɓa suka kashe babura. Ilu Dogo ya faka motarsa a gefe, ya jingina da ita yana shan rake. Ni kuma saboda hikima, na ce kada teburina ya tare wa mota hanya. Na kwashe shi gaba ɗaya, da buta, da kiret ɗin ƙwai, da burodi, da kofuna, na jera su a bayan mota, inda na tabbata ba abin da zai same su. Bayan teburin kuwa gangare ne, ya miƙe har kududdufin da ake buga tubali.

Sai ga Alhaji Nomau cikin farar babbar riga, da carbi a hannu. Namadi ya zube ƙasa, kai a sunkuye.

"Barka da hantsi, Baba."

"Yawwa," in ji Alhaji, yana kallon wani wuri daban.

Aka yaye tamfol. Jama'a suka ce, "Kaaai!" Sai da aka sa benci Alhaji ya iya hawa. Ya zauna a gaba. Namadi ya shiga ta ɓangarensa, ya ɗaure ƙofa da igiya, ya maƙure a jikinta, ya kawar da fuska. Tunda ya auri Ladidi bai taɓa zama kusa da surukinsa haka ba. Gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

Ni kuwa na ɗare bayan mota na miƙe tsaye, na gyara murya.

"Jama'ar Tudun Baure! Yau za ku ga aiki! Injiniya ya yi ƙoƙari, ba a hana shi ba. Amma a gaban Alhaji nake faɗa, kowa ya ji, wanda ya ce a kife aksul ni ne! Ni Sallau! In an tashi yabo kada a manta!"

Aka tafa min. Wallahi har da guɗa. Ilu ya daina tauna rake, ya ɗan leƙa ƙarƙashin motar, ya matsa can nesa.

Namadi ya tayar da injin. Ya danna sabon hon, ɓaaam! Ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya, ya saki.

Motar ta yi baya.

Ƙwaram! Tatsatsa! Ƙwal-ƙwal-ƙwal! Teburina ke nan. Buta ta yi sama, kofuna suka watse, taya ta bi ta kan kiret ɗin ƙwai, ɓarrr. Ya taka birki, ta ja jiki ta tsaya.

Jama'a suka dafe kai.

Na ce, "Injiniya! Jarina!"

Ya leƙo da kai ta tagarsa, ko gezau. "Ku kwantar da hankalinku! Zango take ɗauka! Ba ku ga rago ba in zai yi karo? Ai sai ya ja da baya!"

Ku ji wauta irin tawa. Ina tsaye ina kallon ƙwaina yana malala a ƙasa, amma sai na juya ga jama'a na ɗaga hannu. "Kun ji ko? Zango take ɗauka! Ku ba da hanya a gaba!"

Namadi ya ce, "Giya ta ɗaya ce ta yi sanyi. Bari a sa ta biyu."

Ya sa ta biyu. Ya take totur har ƙasa.

Wayyo Allah! Motar nan ta zabura da baya kamar an tsikare ta. Ta ƙarasa abin da ya rage na teburin, ta kama gangare. Na rungume ƙarfen bayan kan mota ina bugun rufin da hannu.

"Namadi! Kududdufi! Juyo ka dubi baya!"

To, a nan kunya ta kashe mu. Babu madubi. In kuwa direba zai dubi baya, dole ya juya ta ɓangaren wanda ke zaune kusa da shi, ya ɗora hannu a bayan kujerarsa, hanci ya kusa taɓa hanci. Wa ke zaune a wurin? Surukinsa! Namadi ya fara juyowa, idonsa ya faɗa cikin na Alhaji, sai ya mayar da kai da sauri kamar ya taɓa wuta. Ina hango su ta gilashin baya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe wuya, ya ƙura wa gaba ido cikin ladabi, yana kallon shagonsa yana ƙanƙancewa. Alhaji kuwa carbi kawai yake ja, sai dai ya ƙara sauri.

"Birki! Taka birki!"

"Ina takawa!"

Birkin tarbiyya ya yi ƙiii, tayoyin gaba suka riƙa jan ƙasa, mota ko a jikinta.

Tinjim!

Bayanta ya afka ruwa ta tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Na bi iska, na wuce ta saman marfin baya, na nutse da kai a cikin taɓo. Da na taso, kainuwa ce a kaina kamar rawani, takalmina ɗaya ya tafi har yau. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Jama'a suka gangaro da gudu. Da aka ga ba wanda ya ji ciwo, sai dariya ta ɓarke. Wasu har da kwanciya a ƙasa. Namadi ya kwance igiyar ƙofa ya fito. Ya zagaya ya dubi motar, tayoyin gaba a kan tudu, na baya a ruwa. Kun san me bawan Allahn nan ya ce?

"Jama'a, ku shaida! Ruwa bai taɓa bodi ba! Da bara ce da tuni ta nutse!"

Ilu ya tofar da ɓawon rake, yana share hawaye. "Ai in aka kife shi, tayoyin a baibai za su riƙa juyawa. Giyoyinka na gaba duk sun koma baya, ribas kaɗai ya rage maka na zuwa gaba. Wai don Allah wa ya ce a kife?"

Namadi, wanda ya yi mako yana cewa na ce, na ce, ya juyo ya miƙa hannu tsakiyar kududdufi.

"Sallau ne!"

Na buɗe baki zan musa, ruwan kwata ya shiga. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Ƙwarai kuwa! Da bakinsa ya faɗa! Ya ce in an tashi yabo kada a manta!"

Wallahi da na san hanyar zama a ƙarƙashin ruwa, da na koma.

Aka kawo benci, Alhaji ya sauko. Ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba. Ya kakkaɓe ta, ya gyara hula. Namadi ya durƙusa, kai a ƙasa. Alhaji bai dube shi ba, ni ya duba, ina tsaye cikin taɓo har ƙugu.

"Sallau."

"Na'am, Alhaji."

"Gaya wa abokinka ni zan bi Ilu. In yana so ya same ni a gona, ya nufi gida."

Ya juya ya hau motar Ilu. Ilu ya rage gudu daidai inda muke, ya danna, fim-fim!

Shanun bara su suka jawo ta. 'Yan gwangwan suka zo da kurarsu kafin mako ya zagayo, Namadi ya tsaya yana kallo ana yanka ta gunduwa-gunduwa, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Furen roba kawai ya tsira da shi, yana nan rataye a jikin injin niƙa. Gaisuwa ma da ƙyar yake amsa min, wai ni na kashe masa mota.

Ni kuma na harhaɗa katako na sake kafa tebur. Ranar da na buɗe, ga benci cike da mutane, sai ga Alhaji Nomau da kansa, mutumin da bai taɓa zama a teburin shayi ba. Na ji daɗi har raina, na ce ashe dattijo ya yafe.

"Sallau, soya min ƙwai."

"An gama, Alhaji!"

Na fasa, na kaɗa, na zuba a kasko, caaa. Gefe ɗaya ya soyu. Na ɗaga cokali zan juya, sai na ji an riƙe min hannu.

"A'a, Sallau. Bar shi haka, kada ka kife. So nake in na haɗiye ya yi gaba."